Amsa ga mai tambayar kibod da maus da suka daina aiki a Ubuntu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi. Ka ce bayan ka sabunta Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarka, da an zo wurin saka kalmar sirri sai kibod da maus su ƙi motsi. Haka ta same ni a Ubuntu 20.04, saura kwana huɗu in miƙa furojet ɗina.

Don girman Allah kada ka bari kowa ya yi maka fomat. Ni na zaci kibod ne ya lalace, na kai wa wani mai gyara a kasuwa. Ko tambayata bai yi ba. Ya soka wani kibod, ya ga shiru, ya ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo na tarar ya goge komai ya ɗora Windows, yana murmushi wai ga ta nan ta tashi. Babi uku na rubutuna, da hotunan marigayi mahaifina da ba ni da su a ko'ina. Na tsaya bakin shagon hannuna yana rawa, kuma sai da ya karɓi kuɗinsa cif. Har gobe abin yana ci mini rai.

Da ta sake faruwa daga baya, da kaina na gyara. Kana kunna kwamfutar ka danna Esc ko ka riƙe Shift, GRUB zai fito, wato menun da ke zuwa kafin Ubuntu ta tashi. In kibod yana aiki a nan, lafiyarsa ƙalau. Danna e, nemi layin da ya fara da linux, ka ƙara 3 bayan quiet splash, sai F10. Za ta tashi a baƙin allo, rubutu zalla. Shiga da sunanka da kalmar sirri; kalmar sirrin ba ta fitowa in kana bugawa, kada ka tsorata. Fara kwashe fayilolinka zuwa filas, ina roƙonka.

Ni autoremove na buga, umarnin cire manhajojin da ba a buƙata, ban karanta abin da zai cire ba, ya tafi da direbobin kibod da maus. Na haɗa wayata da igiyar USB na ba kwamfutar intanet, na rubuta sudo apt install --reinstall xserver-xorg-input-all, sannan sudo reboot. Wancan 3 ɗin na tashi ɗaya ne, ba ya zama.

Wace Ubuntu ce gare ka? Daga 21.04 yawanci Wayland ne ke aiki, wato sabon tsarin sarrafa allo, kibod da maus, gyaran kan bambanta. Turo mana hoton allon, muna nan.