Tambaya da Amsa: Wai lemo iri nawa ne a duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a warware min wani abu. Ƙanwata tana karatun aikin gona a jami'a, tace min wai lemon zaƙi ba asalin bishiya bane haɗi ne, ni dai na kasa yarda. Sannan a intanet sai inga wani ya rubuta tanjarin, wani mandarin, wani kilemantin, alhali hoton kusan ɗaya ne. Wanne ne daidai? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ƙanwarki gaskiya ta faɗa miki. Kusan duk lemon da ake ci yau daga iyaye ƙalilan ya fito, manyansu uku ne, mandarin da fomelo, wannan ƙaton mai kaurin ɓawo, sai sitiron wanda Larabawa ke kira utrujja, shi ne ma ya zo a hadisin nan da aka misalta mumini mai karanta Alƙur'ani da shi. Asalin danginsu daga gindin tsaunukan Himalaya ne ta ɓangaren kudu maso gabas, wajen arewa maso gabashin Indiya da Myanmar da Yunnan ta Sin, wani binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2018 ya nuna haka.

To su bishiyoyin lemo basa ƙin juna wajen barbara, ƙudan zuma ya ɗauki garin furen wannan ya kai ma wancan shikenan an samu ɗan ruwa biyu. Lemon zaƙi ɗan fomelo ne da mandarin. Babban lemon tsami mai ruwan ɗorawa ɗan sitiron ne da lemo mai ɗaci, shi kuma ƙaramin koren nan sitiron ne ya haɗu da wani lemon daji na Filifin mai suna mikaranta, kinga duk biyun muna ce musu lemon tsami amma uba ɗaya kawai suka haɗa. Garehul, wato grapefruit da Turanci, shi ma yaro ne, a tsibirin Barbados ya ɓulla cikin ƙarni na 18 bayan lemon zaƙi ya sake komawa ya haɗu da fomelo.

Anan ne masana suka rabu. Walter Swingle na Amurka ya lissafa jinsi 16, Tanaka na Japan kuma ya kai nasa sama da 150, kuma fa bishiyoyi ɗaya suke kallo, ba wanda yayi ƙarya a cikinsu. Abinda ya rikita lissafin shi ne ƙwallon lemo da yawa yana tsiro da kwafin uwar sak ba tare da gadon uba ba, saboda haka ɗan ruwa biyu sai ya ɗore shekara aru-aru bai canza ba har mutum ya rantse jinsi ne mai zaman kansa, Tanaka sai ya bashi suna, Swingle yace a'a a maida shi gidansu. Ni a ganina Swingle yafi kusa da gaskiya tunda binciken gado na yanzu ma iyaye kaɗan yake nunawa, amma ga manomi da yake son sanin takamaiman abinda ya dasa, yawan sunayen Tanaka nada amfani, bana raina shi.

Batun sunaye ukun nan kuwa, mandarin shi ne sunan gidan gaba ɗaya. Tanjarin sunan kasuwa ne da ya samo daga Tanja, tashar jirgin ruwa ta Maroko inda ake lodinsa zuwa Turai, galibi masu jan ɓawo ake kira haka kuma ba wata iyaka tsayayya tsakaninsa da sauran. Kilemantin ne kawai zan ce ki ware, domin shi haɗin mandarin ne da lemon zaƙi, an gano shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 a lambun wani gidan marayu kusa da Oran a Aljeriya, aka sa masa sunan Clément Rodier, ɗan mishan ɗin Faransa da ke kula da lambun.