Yaya, ga yadda muke cin hunturu a kwarin Rjukan na ƙasar Norwe

Yaya salamu alaikum, ya gida ya yara, ya hazo dan nasan yanzu Kano ta fara yin fari. Tambayar da kika turo ta saƙon murya tafi ƙarfin in amsa da baki shi yasa na zauna na rubuta, wai da gaske ne bama ganin rana wata shida, in kuma haka ne ya mutane suke da zumunci, ko kowa rufe ƙofa yake har sanyi ya wuce.

Maganar rana gaskiya ce amma ba yadda Inna ta ɗauka ba, dan Allah ki kwantar mata da hankali ba cikin dare muke zaune ba. Inda rana bata fitowa sam sai can arewacin Norwe wajen su Tromso, shi ma kamar wata biyu ne. Mu nan gari yana wayewa, sai dai kwarin namu matsattse ne mai zurfi, ya miƙe gabas da yamma, ta kudu kuma ga dutsen Gaustatoppen mai tsayin mita 1,883 ya tokare, toh da hunturu rana bata hawa sama sosai ƙasa ƙasa take bi ta kudun, sai dutsen ya tare ta. Daga wajen farkon Oktoba har tsakiyar Maris kina ganin haskenta kwance a saman dutsen da ke arewa amma bazai sauko kan rufin gidanki ba. A Disamba sai bayan tara na safe gari ke gama wayewa, uku da ɗan wani abu na yamma magariba tayi, kinga kenan azahar, la'asar da magariba duk cikin awa uku muke yinsu, ni da alwala ɗaya nake gamawa a wajen aiki in Allah ya taimake ni.

Nasan zakice toh wa ya aike su kafa gari a rami. Ruwa ne ya kawo su, akwai wani babban ruwa da ke zubowa daga kan dutse a saman kwarin, wani injiniya Sam Eyde da kamfaninsa Norsk Hydro suka gina tashar lantarki ta Vemork a 1911 dan su riƙa yin takin zamani, garin ma'aikata ne daga tushe. Kamfanin ne ma a 1928 ya kafa musu wata 'yar mota mai tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe tana hawa da mutane saman dutse, ba dan komai ba sai dan ma'aikata su je su ga rana su dawo. Sannan a 2013 aka kafa manyan madubai guda uku a jikin dutsen arewa, wajen mita 450 sama da gari, kwamfuta ke juya su suna bin rana suna jeho haskenta tsakiyar filin kasuwa. An sha rigima kafin a yi, wasu sukace ɓarnar kuɗi ce. Ni dai a ganina ɗumin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba, in da gajimare ma babu komai, amma an jera benci a wajen kuma duk ranar da sama ta washe zaki ga tsofaffi sun fito sun zauna sun ɗaga fuska, masu turo jarirai a keke sun tsaya, mutumin da zai wuce ki a titi ko kallo babu a nan sai kiji ya tanka miki.

Yauwa, zumuncin. Abun da nake so ki gane shi ne mutanen nan suna haɗuwa sosai, wallahi da hunturu ma sunfi haɗuwa, amma ba'a haɗuwa da ka. Babu majalisa a ƙofar gida, babu wadda zata yi sallama da hantsi tace wucewa nake nace bari in leƙo, in kika zauna jiran haka sai Maris ta same ki ke kaɗai. Komai a ƙungiya yake kuma a rubuce da rana da lokaci, ƙungiyar wasanni, ta mawaƙa, ta 'yan badujalar makaranta, ta mata masu saƙa, ta 'yan sa kai masu ziyartar tsofaffi, gari bai fi mutum dubu uku da ɗoriya ba amma da wuya ki samu daren da ba'a wani taro a wani ɗaki. In ance shida toh shida ne, bakwai da rabi an wanke kofi an kashe fitila kowa ya kama gabansa. Duk taro kuma kofi ne, baƙi babu madara babu suga, da wani fanke nasu mai siffar zuciya da ake ɗora masa cuku mai ruwan ƙasa mai ɗan zaƙi zaƙi, tun bana iya haɗiye shi har yanzu ni ake cewa in kwaɓa.

Ƙofar shiga cikinsu ita ce aikin gayya, suna ce masa dugnad, kuma kusan irin namu ne na noma sai dai babu makaɗi. Za'a turo saƙo a rukunin iyayen yara ace ranar kaza ana son masu toya fanke a gasar zamiyar ƙanƙara, ko masu tsayawa a hanya da tuta, ko masu kwashe kujeru. Ba wanda zai tilasta ki, ba kuma wanda zai ce miki uffan in baki je ba, amma an gani. Maƙwabcinmu dattijo ne, gaisuwarsa bata wuce ɗaga kai, da muka zo har nace wa Baban yara mutumin nan ƙinmu yake, ashe shi ne yake biyowa da injinsa da asuba ya share mana dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa kafin mu tashi, kuma har yau bai taɓa ambata ba. Haka suke, alherinsu a hannu yake ba a baki ba, ni kuma har yanzu inna kewar bakin, dan gaisuwa ma ai abinci ce.

Disamba ce ta fi cika. Ana kunna fitilun bishiyar Kirsimeti a tsakiyar gari mutane su riƙe hannun juna suna zagaya ta suna waƙa, ran 13 ga wata yaran makaranta su sa fararen kaya su riƙe kyandir su zagaya har gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, sannan kowane wajen aiki yana da walimar ƙarshen shekara. Anan ne mu musulmi sai mun yi da hankali dan akwai giya akwai naman alade. Kowa da yadda yake yi, wasu basa zuwa sam kuma ban ga laifinsu ba, ni ina zuwa in ci kifi in sha lemo in yi sallama kafin kwalabe su fara aiki, kuma in kika faɗa musu tun farko zasu tanadar miki naki daban ba tare da wani surutu ba. Tikitin sa'a da suke sayarwa a tarukan tara kuɗi shi ma bana saya, sai in saka kuɗin a matsayin gudummawa shikenan.

Kada kuma ki zaci sanyi yana hana fita. Yara a makarantar reno waje suke wuni sai in abun yayi tsanani, jarirai ma a waje ake kwantar da su barcin rana cikin kekensu an naɗe su da ulu, ranar da na fara gani saura kaɗan in kira 'yan sanda. Akwai hanyar zamiya mai fitilu da mutane ke fita bayan an tashi aiki, ga baƙi daga ƙasashen Turai da ke zuwa hawan ruwan da ya daskare a jikin duwatsu, sai ki gansu maƙale da igiya da gatari kamar ba iyaye ne suka haife su ba. Kowa yana da abun ƙyalli a jikin riga dan masu mota su ganshi a duhu, takalmi da ƙusoshi, tayar mota ma da ƙusoshi, man hantar kifi kuma cokali ɗaya kullum saboda rashin rana, mu masu baƙar fata ma likita ya fi matsa mana a kansa.

Mu ya mu kuwa, Bahaushe a nan sai an tona, yawancin musulmin 'yan Somaliya ne da Siriya da wasu 'yan Eritiriya, toh da su muke yin namu. In an haihu ba'a samun taron kwana bakwai irin na gida dan kowa na aiki, ana raɗa suna a ranar a aika kuɗin rago gida a yanka, taron mata sai Asabar a ɗakin da muka kama haya, kuma mun koyi halin masu gari, mu ma yanzu da lokaci muke rubutawa duk da dai namu shidan yakan kai bakwai. Naman halal sai wani zai shiga Oslo, tafiyar wajen awa uku, sai a haɗa masa saƙo kowa ya cika firiza. Azumi da ya faɗo a Yuni shekarun baya mun ji jiki dan rana kusan bata faɗuwa, yanzu kuwa yana gangarowa cikin hunturu, ku zaku riƙa jin haushinmu. Rasuwa ce dai har yanzu take min nauyi, masu gari sai sati ɗaya ko biyu ake jana'iza, a sha kofi a watse, babu zaman makoki, furanni ake ajiyewa a ƙofa ko kati. Da matar dattijon nan ta rasu ban iya ba, na dafa shinkafa da miya na kai masa na zauna, ya rasa yadda zaiyi da ni amma ya cinye ya dawo da kwanon a wanke.

A Maris in rana ta sauko gari ana yin bikinta, yara da manya su yi shigar ban dariya a zaga titi da badujala, mu ma muna kafa tebur, bara ƙosai nayi ya ƙare kafin in juya. Dan haka in mai zuwan nan ya tabbata ki haɗo min kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin Inna, amma banda kilishi dan Allah, basa barin nama daga wajen Turai ya shigo, a filin jirgi kwastam zasu karɓe. Ki gaida Inna da su Baffa.