Yini guda a duwatsun Glacier a ƙarshen Agusta

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce yini guda kacal za ka samu a jihar Montana ta Amurka a ƙarshen watan Agusta, kana tambaya ko zai ishe ka hawa duwatsun gandun dajin Glacier har ka ga namun daji, kuma ko tsoron dabbar beyar da ake ta ba ka yana da tushe. Ni da abokaina biyu mun yi wannan tafiya a daidai irin wannan lokaci, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Yini guda ya isa, amma sai ka yi sammako. Muna idar da sallar Asuba muka kama titin Going-to-the-Sun, wanda ya ratsa gandun tsawon kilomita 80, muka isa Logan Pass, inda titin ya ƙetare saman duwatsun, hantsi bai dubi ludayi ba, amma mun tarar wurin ajiye motoci ya kusa cika. Tsayin wurin mita 2,026 ne, kuma sanyin safiyarsa sai da rigar sanyi ko da ana zafi a gari. Ƙa'idar shiga da mota takan sauya daga shekara zuwa shekara, ka duba ta kafin ka taso.

Daga nan hanyoyin ƙafa biyu ne a gabanka. Ta zuwa wurin hangen tafkin Hidden Lake gajeriya ce, kilomita 4 da ɗoriya zuwa da dawowa. Mu ta Highline muka bi, kilomita 12 zuwa tsohon masaukin Granite Park, kuma ita nake ba ka shawara in dai gwiwarka lafiya. Kusa da farkonta akwai inda aka sassaƙe hanyar a jikin dutse, titin mota na can ƙasa nesa, an kafa igiyar ƙarfe a bango don riƙewa. Wurin bai da tsawo, amma mai jin jiri in ya leƙa ƙasa ya tsaya ya yi shawara da kansa tun a nan.

Ba mu yi awa guda ba muka yi kiciɓis da akuyar dutse da ɗanta. Fara ce fat, ga gemu, ga ƙahoni baƙaƙe gajeru masu tsini, sauran gashin hunturu yana reto a kafaɗarta kamar audugar da ba a gama tsinka ba. Ta duƙufa tana lasar wani dutse, ko ɗago kai ba ta yi. Gishiri take nema, kuma shi ya sa awakin nan suke bin mutane, saboda gumi da fitsarin matafiya. Wannan sabo ne yake ruɗin baƙi har su miƙa hannu, alhali ƙahon nan yana huda ciki. Dokar gandun ita ce a bar yadi 25 tsakani, don haka muka ja baya muka jira ta ba mu hanya da kanta. A Haystack Pass kuma muka ga ragunan dutse masu murɗaɗɗun ƙahoni suna kwance, ga wata dabba mai kama da rema tana ta fito a kan duwatsu.

Maganar beyar kuwa, ba tsoratarwa ba ce. Ƙarshen Agusta ne 'ya'yan itatuwan daji suke nuna, ita kuma tana ci ba dare ba rana don ta tara kitsen hunturu, hankalinta na kan abinci, wataƙila ba ta ji tahowarka ba sai kun yi ido huɗu, kuma nan haɗarin yake. Mun ga guda ɗaya, irin babbar nan mai tozo a kafaɗa, can ƙasa a gangare tana tonon ƙasa. Da madubin hangen nesa muka kalle ta, na kuma gode Allah da nisan. Tazararta a doka yadi 100 ce. Kada ka tafi kai kaɗai, ku riƙa magana da ƙarfi a duk kwanar da ba ku ganin gaba, in kuma kun haɗu kada ka ruga, domin ta fi ka gudu nesa ba kusa ba. Ka sayi feshin barkonon da ake korar ta da shi a can, tunda ba a hawa jirgi da shi, ka rataye shi a ɗamara, ba cikin jaka ba. Na ga mutane sun bar hanya sun gangara neman hoto, abin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin dabbar da ta saba da mutane sau da yawa ita ake kashewa a ƙarshe.

A Granite Park muka yi Azahar muka ci guzuri. Gangarowa zuwa The Loop, wata kwana a kan titin motar, kilomita 6 da ɗoriya, ita ta fi ba mu wuya, domin gobarar daji ta 2003 ta cinye inuwar wurin, rana kuma tana dukan mutum kai tsaye. Ka rage ruwa mai yawa domin wannan zango, kuma ka tabbatar tun da safe yadda za ka koma wurin motarka, domin inda za ka sauko ba nan ka ajiye ta ba.