Tambaya da amsa: Wani Bature ya ce in bi shi a jirgin filafilai mu ƙarasa hunturu a tsibirai, yaya rayuwar take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Rayyis, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan Gadarif ne amma yanzu ina Sawakin, a gaɓar Bahar Maliya ta Sudan, ina ɗan aikin gyaran injin kwalekwalen masunta. Akwai wani dattijon Bature da matarsa da suka zo da ƙaramin jirginsu mai filafilai, na gyara musu famfon ruwa sai suka ce in bi su za su biya ni, wai za su ƙarasa hunturu a tsibirai da marsoshin arewa, wato lungunan gaɓa da jirage ke fakewa, kafin su wuce Masar. Ban taɓa kwana a teku ba. Yaya rayuwar take, me ake ci, ina ake samun ruwa, sallah fa? Innata dai hankalinta bai kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka gaida min Inna da kyau. Tambayarka ta taɓa ni dan nima haka na fara, na yi shekaru ina aiki a jiragen masu nutso da na filafilai tsakanin Bur Sudan da tsibiran nan kafin gwiwa ta zaunar da ni.

Abun da zan fara gaya maka shine a wannan rayuwar ba mai jirgi ke da iko ba, iska ce. Ka lura ai sai lokacin sanyi kake ganin waɗannan jiragen a gaban tsohon garin Sawakin, to ba banza ba. Bahar Maliya iska biyu gare ta. Daga wajen Oktoba zuwa Afrilu iskar kudu ce ke busowa a ɓangaren kudu, ita ke turo su daga Bab al-Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu, sun fito daga Indiya ko Maldib ko Salala a watan Janairu ko Fabrairu, su tsaya Jibuti wasu su tsaya Masawwa sannan su iso mana. Amma daga wajen mu zuwa arewa iskar arewa ce kusan duk shekara, kaga kenan daidai gaɓar mu ne iskokin biyu ke karo, kuma daga nan zuwa Suwis wajen mil 700 na teku duk iskar a fuska za ta riƙa dukan su. Jirgin filafilai kuwa ba ya shiga iska kai tsaye, sai dai ya riƙa yanka ta a karkace yana kwana-kwana, ko a kunna inji a ƙona gas. Shi yasa za ka ga an shiga marsa an saki anga an zauna kwana huɗu, biyar, wani lokaci sama da sati ana jiran iska ta sassauta, ranar da ta kwanta kuwa ko asuba ba a jira za a ɗaga. In kai mutum ne mai son ya san ranar da zai dawo gida to wannan kaɗai zai dame ka.

Haka abun yake ko'ina a duniya ga masu irin wannan rayuwar, lokaci suke bi kamar makiyaya da damina. Waɗanda ke hunturu a tsibiran Karibiyan suna jira lokacin guguwa ya wuce, shi kuma daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, sai su tsallaka Atlantika daga Las Palmas a ƙarshen Nuwamba, tafiyar mil 2,700 sati biyu zuwa uku ba ka ganin ƙasa. Mu nan Allah ya rufa mana asiri ba mu da irin waccan guguwar, namu zafi ne da ƙura da murjani.

Murjanin nan shine zan daɗe a kai dan shine ke kashe jirgi a gaɓar mu. Shi'ib, wato dutsen murjani, yana nan ƙarƙashin ruwa kamar katanga, daga zurfin da igiyar awo ba ta taɓa ƙasa sai kawai ka ga dutse a ƙasan ƙafarka, kuma taswirar da ke cikin na'ura ba kullum take daidai ba, tana iya nuna maka kana tsakiyar hanya alhali kana gab da hawa dutse. Ido ne ke aiki. Ana shiga marsa ne rana tana sama ko tana bayanka, tsakanin ƙarfe goma na safe zuwa biyu ko uku, mutum ɗaya ya tsaya a gaba ko ya ɗan hau sandar jirgi yana karanta launin ruwa, shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske yashi ne mara zurfi, ruwan ƙasa-ƙasa ko ɗorawa kuwa murjani ne ka kauce. Marsoshin mu bakinsu gabas yake kallo, kai kuma kana shiga kana fuskantar yamma, to in ka yi latti har la'asar sakaliya rana za ta zauna maka a ido ruwan ya koma kamar madubi ba ka ganin komai. Wallahi na taɓa ganin haka da idona, mai jirgin da nake wa aiki ya matsa sai mun shiga wata marsa bayan la'asar dan matarsa ta gaji da jijjiga, na ce masa mu kwana a waje ya ƙi, muka ji ƙarar da har yau in na tuna tsikar jikina na tashi, ƙasan jirgin ya hau dutse. Allah ya taimake mu babu igiyar ruwa sosai, muka kai anga baya da ƙaramin kwalekwale muka jawo shi da kyar. Ina zaton aikin tsayuwa a gaba shine za su ba ka tunda su dattawa ne idonsu ya yi rauni, to ka ce su ba ka tabarau irin mai kashe ƙyallin ruwa, kuma ku yi yarjejeniyar alamar hannu tun kafin a tashi dan a cikin iska ba a jin magana.

Anga kuma a yashi ake sake ta ba a kan murjani ba, na farko tana lalata shi na biyu tana maƙalewa sai an yi nutso, kuma ana sakin sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin wurin. Da dare za ka koyi barci da kunne ɗaya, in ƙarar sarƙa ta canza ka tashi ka duba ko jirgi yana ja.

Ruwan sha kuwa kai da ke zaune a gaɓar nan ba sai an gaya maka darajarsa ba, kowa ya ga halin da Bur Sudan ta shiga bayan madatsar Arba'at ta ɓalle a Agustan 2024. A jirgi abun ya fi haka tsanani. Tankin irin wannan jirgin lita ɗari uku ne zuwa ɗari shida yawanci, kuma tsibiran da za ku ba rijiya ba kanti. Wasu suna da injin tace ruwan teku, yana matsa ruwan da ƙarfi ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi gishiri ya tsaya ruwan daɗi ya wuce, amma yana cin wuta kuma Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita ɗaya inda sauran ke da 35, to injin yana wahala yana ba da kaɗan. Ka tambaye su ko suna da shi kuma ka gwada shi da hannunka kafin ku bar Sawakin tunda sana'arka ce. Wanke-wanke da ruwan teku ake yi a ɗauraye da ɗan kofi ɗaya na mai daɗi, wanka ma haka. Wutar lantarki daga farantan sola take zuwa batir, firij ɗan ƙarami ne kuma shi ke shanye rabin wutar, dan haka kar ka sa ran ruwan sanyi kullum.

Abinci ba matsala ba ne in kana cin kifi. Ana jan ƙugiya a bayan jirgi ana tafiya a kama dirak ko bayad, a marsa kuma najil da sha'ur. Sauran shinkafa ce da taliya da gwangwani, da albasa da dankali da kabeji dan su ke jure zafi, tumatir sati ɗaya ya gama. Shawarata ka tafi da naka, ful da adas da dabino da garin asida da waika da shaɗɗa, da bunni da citta in kana shan jabana, wato gahawa, dan girkin Turawa kwana uku zai gundure ka. Ka faɗa musu a fili tun yanzu ba ka cin alade ba ka shan giya kuma tukunyarka daban, yawancinsu suna girmama wannan in an faɗa da wuri.

Sallah kam da sauƙi fiye da yadda kake zato. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ne sananne yana cikin Muwaɗɗa, Manzon Allah (SAW) ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne. Alƙibla daga Sawakin arewa maso gabas take, tana ƙara komawa gabas in kuna yin arewa, kamfas ɗin jirgi na gabanka, sai dai jirgin da ke kan anga yana juyawa da iska dan haka ka duba kafin kowace sallah. In ana tafiya ruwa na jijjiga ba ka iya tsayuwa ka zauna, kar ka faɗa teku. Maganar ƙasaru da haɗa salloli ka je wajen malamin unguwarku ya warware maka kafin tafiya.

Jiri da amai zai kama ka kwana biyu ko uku na farko, kusan kowa haka ne. Ka zauna a waje kana kallon inda sama ta haɗu da ruwa, kar ka shiga ciki ka duƙa kan inji, ka riƙa tauna citta da busasshen burodi kana kurɓar ruwa. Tafiyar dare ana raba gadi, awa uku kai awa uku wani, kuma kana ɗaure da igiya a jikin jirgi da rigar ceto, wanda ya faɗa ruwa da dare sauran na barci da wuya a same shi. Kar ka taka ƙasan ruwa ba takalmi, akwai kifin dutse mai dafi da ke kwance kamar dutse, in ya soki mutum a tsoma ƙafar a ruwan zafi gwargwadon yadda zai jure a nemi asibiti.

Amma fa ɗana kar in cika ka da tsoro, abun da za ka gani ba kowa Allah ya nuna wa ba. Sanganeb da dogon hasumiyar fitilarta a tsakiyar teku wajen kilomita 25 daga gaɓa, in ka hau sama ka leƙo za ka ga murjanin ya kewaye kamar zobe. Sha'ab Rumi inda Bafaranshen nan Cousteau ya sa mutane suka zauna a gidaje ƙarƙashin ruwa a 1963, har yanzu akwai ragowar ginin. Jirgin Umbria na Italiya da ma'aikatansa suka nutsar a Yunin 1940 kusa da Bur Sudan da bama-bamai a cikinsa. Sai Dungunab da tsibirin Mukawwar, waɗanda UNESCO ta sa su tare da Sanganeb cikin wuraren gadon duniya a 2016, can ne ake ganin saniyar teku. Ni kuma wanda ya fi zama min a rai Khor Shinab ne, ruwa ya ratsa cikin duwatsu da hamada ya yi nisa, dare ya yi tsit ba fitila ko ɗaya sai taurari, nakan zauna in tuna kakannin mu da suka tako daga Kano da Sakkwato da ƙafa shekara da shekaru suna noma a hanya, suka hau sambuk, jirgin katako mai filafilai, a wannan Sawakin ɗin da kake suka tsallaka Jidda da irin wannan iskar, ba inji ba na'ura.

To yanzu maganar da ta fi muhimmanci, ita ce ta takarda. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, ga kuma hare-haren da aka fara kai wa jiragen ruwa a kudancin Bahar Maliya daga Nuwamban shekarar, masu zuwa sun ragu kuma jami'an tsaro sun ƙara sa ido a gaɓa. Kar ka hau jirgin nan sai sunanka ya shiga jerin ma'aikatan jirgi a hukumance ta hannun wakilin da ke yi musu takardu, ka samu izinin fita teku. Fasfo ɗinka ya zauna a jakarka ba a aljihun kowa ba. Masar tun Yunin 2023 ba ɗan Sudan da ke shiga sai da biza, kuma yankin Halayib wuri ne na soja, dan haka ku tsayar da inda za ka sauka tun yanzu, ni a ganina kar ka wuce Muhammad Qol tunda akwai hanyar mota da za ta dawo da kai Bur Sudan. Kuɗinka a rubuta, nawa a sati, da wane kuɗi, a ba ka rabi kafin tashi ka bar wa Inna, kuɗin motar dawowa a kansu. Ka tambaya ko suna da kwalekwalen ceto da wayar tauraron ɗan adam dan waya ba ta kamawa a mafi yawan wuraren, su koya maka kiran neman agaji a rediyo tasha ta 16, ka iya faɗin inda jirgi yake da lambobi ko da Larabci ne, dan in dattijon ya faɗi rashin lafiya kai ne za ka riƙe komai.

Kuma in da hali ka roƙe su ku fara fita ta kwana biyu zuwa Sanganeb ku dawo, ka ga yadda cikinka yake ka ga yadda halinsu yake, dan ɗakin da za ku zauna ku uku bai fi shago ɗaya ba kuma ba inda za ka fita ka sha iska in rai ya ɓaci. Bayan kun dawo ka kira Inna ka ba ta labari da bakinka, ka tura mata hoton jirgin da na takardar izinin. In ta amince ka tafi, in ta ce a'a ka gyara musu injin da kyau ka karɓi haƙƙinka ka ba su lambarka su ba waɗanda ke bayansu, jirage na isowa har cikin watan Maris kuma kusan kowanne da abun da ya lalace masa a hanya.