Au ɗin da ka gani a cikin zobe

Yarona, jiya da kake goge zoben nan ka ɗaga shi ga haske, ka ce an buga Au 750 a cikinsa, alhali a makaranta an koya muku sunan zinariya da Turanci gold ne. Ka tambaye ni ina G ta shiga. Lokacin awartaki na hannuna, wuta na ci, shi ya sa na ce ka dakata.

Haruffan nan ba na Turancin Ingila ba ne. Daga Latin suka fito, harshen Rumawan da, wanda malaman Turai suka daɗe suna rubuta iliminsu da shi, kamar yadda malamanmu ke yi da Larabci. Zinariya a Latin aurum ce, aka yanko Au. Azurfa argentum, Ag ke nan, kuma daga nan ƙasar Ajantina ta samo sunanta. Wani masanin sinadarai ɗan Suwidin mai suna Berzelius ne ya tsara abin wajen 1813: a ɗauki harafin farko na sunan Latin, in wani sinadarin ya riga shi ɗaukar harafin a ƙara harafi na biyu. Kafin nan zane ake yi, rana ce zinariya, jinjirin wata azurfa. Amfanin tsarinsa shi ne Balarabe da Ba'indiye da Bahaushe, kowa da sunan da yake kiran ƙarfen, amma a hatimi duk Au za su gani.

Lambar kuwa awo ce. A kashi 1000, 750 zinariya ce tsantsa, wato karat 18. In ka ga 875, karat 21 ne, 916 kuma 22. A azurfa 925 za ka fi gani, ragowar yawanci jan ƙarfe ne, Cu, daga cuprum, sunan da ya samo asali daga tsibirin Saifurus inda Rumawa ke haƙo shi. Baƙin ƙarfen maƙeran baƙi Fe ne, ferrum.

Biyu nake so su zauna maka a kai fiye da sauran. Sn kuza ce, stannum, irin wadda ake haƙa a Jos. Pb dalma ce, plumbum. Dubi wayar liƙi ta masu gyaran rediyo, sau da yawa za ka ga Sn60 Pb40 a jikin kwalinta. Kada ta kusanci teburin zinariya. Ina yaro kamarka na bar ɗan guntunta ya faɗa cikin tukunyar narki, bai kai ƙwayar gero ba. Da maigidana ya ɗora sandar a uwar maƙera ya sa mata guduma, sai gefenta ya dare kamar busasshen tuwo. Bai ce mini uffan ba, ya dai miƙo mini ita in gani, muka kwana biyu muna tace zinariyar mutane. Ɓarnar dalma ba ta tsaya ga ƙarfe ba. A 2010 ƙurarta daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. In ka taɓa abu mai Pb, wanke hannu da sabulu kafin ka sa shi a kwano.

Haka zaiba, Hg, daga hydrargyrum, kalmar da Latin ya aro daga Girkanci, ma'anarta azurfa mai ruwa. Ɗigo ɗaya ya taɓa zobe sai ya yi fari fat, kuma hayaƙinta guba ne.

Akwai wadda take burge ni. Na, alamar sinadarin da ake kira sodium da Turanci, daga natrium, tushenta ɗaya da natrun na Larabawa, wato kanwa, wannan dai da innarka ke jefawa a wake.

Sai dai hatimi kowa na iya sayensa ya buga a kan tagulla, na sha ganin haka. Gobe in ka iso da wuri, ɗauko dutsen gwaji da kwalbar asid, mu goga zoben nan kafin mai shi ta zo.