Mota tana tashi da safe, amma ta ƙi tashi idan ta ɗau zafi: me ya kamata a saya?

Wani mai karatu daga Funtuwa ya rubuto yana cewa: "Ina da Fijo 504 da nake jigilar kaya da ita zuwa kasuwannin ƙauye. Da asuba murɗa makulli ɗaya take tashi, amma idan na yi doguwar tafiya na tsaya yin salla, sai ta ƙi tashi har batir ya fara rauni, kuma nakan ji warin fetur. Makanikena ya ce in sayi sabuwar kafireta. Shin in saya?"

Malam, kada ka saya tukuna. Motar da take tashi lafiya da sanyin safiya ta riga ta nuna maka cewa kafiretarta, wato na'urar da take haɗa wa inji fetur da iska, ba ta mutu ba, kuma warin fetur ɗin da ka ambata shi ne ya fi komai amfani a cikin wasiƙarka. Abin da yake faruwa shi ne, da zarar ka kashe inji, fanka takan tsaya, ruwa ya daina zagayawa, iska ma ta daina shiga ta gaba, sai zafin da ya taru a jikin ƙarfe ya hau zuwa kafireta. Shi kuwa fetur haɗi ne na sinadarai daban-daban, kuma marasa nauyi daga cikinsu sukan fara tafasa tun a wajen digiri 40, zafin da inuwa ma takan kai a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, balle ƙarƙashin murfin mota. Man da yake cikin ɗan kwanon kafireta sai ya tafasa, ya malala cikin bututun da yake kai wa inji iska, ya zamana mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, tartsatsin fulogi ya kasa kunna shi. Shi ya sa tsayuwar minti biyu ba ta cika kawo matsala ba, tsayuwar awa biyu ma haka, amma ta minti goma sha biyar zuwa rabin awa, wato daidai lokacin alwala da salla, ita ce take wahalar da kai.

Kafin ka kashe ko kwabo, gwada wannan. Kada ka ja cok, wato abin da yake rage iskar da take shiga kafireta, kuma kada ka riƙa tattaka totur, domin kowace takawa ƙarin fetur take fesawa cikin injin da ya riga ya ƙoshi. Ka taka totur a hankali har ƙasa, ka riƙe shi a nan, sannan ka murɗa makulli na tsawon daƙiƙa goma, ka saki, ka ba sitata hutu kafin ka sake. Idan ta tashi da baƙin hayaƙi a salansa, to, yawan mai ne ya shaƙe ta.

Domin ka tabbatar, ka sa makaniken ya kwance fulogi ɗaya a daidai lokacin da motar ta ƙi tashi. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci ƙwarai, saboda yawancin masu mota sukan kai ta gareji da safe tana sanyi, lokacin da ciwon ya ɓuya, sai a koma gyara da ka. Idan bakin fulogin a jiƙe yake, mai ne ya yi yawa. Idan a bushe yake, mai yiwuwa fetur ya zama tururi a cikin tiyo ko a famfon mai, wanda a irin motarka yana manne da jikin inji yana shan zafinsa, sai famfon ya kasa turo mai.

Idan yawan mai ne, abubuwan dubawa ƙanana ne kuma masu araha. Akwai 'yar allurar da take rufe hanyar mai idan kwanon ya cika, wadda takan cinye da tsufa ta riƙa ɗiga, akwai kuma abin da yake yawo a kan man yana danna ta, wanda yakan huje ko saitinsa ya goce. Sai kuma faifan nan mai kauri da ake sawa tsakanin kafireta da mazauninta domin tare zafi. Sau da yawa wani ya taɓa cire shi wajen gyara ya maye gurbinsa da siririn gaskit, yana ganin ba shi da amfani, alhali kuwa aikinsa ke nan. A duba ko cok yana buɗewa gaba ɗaya, a duba matatar iska wadda ƙurar hunturu takan toshe, a kuma janye tiyon mai daga kusa da bututun hayaƙi. Abin da nake ba ka shawarar saya shi ne ƙunshin kayan gyaran kafireta, mai allura da gaskit, tare da wancan faifan.

Sabuwar kafireta ba ta zama dole ba sai idan jikin wadda kake da ita ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko sandar totur ta cinye har tana lilo tana shigar da iska. Motocin 504, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da yawansu kafiretar Solex suke ɗauke da ita, kuma a ganina ta asali da aka gyara da kyau ta fi kwaikwayo mai araha da ba a san inda aka ƙera ba. Idan har za ka saya, ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu domin a gwada lamba da mazauni.

Wani ɗan acaɓa daga Maraɗi ya tambaya: "Babur ɗina yakan mutu bayan kamar awa guda ina aiki, kuma ba ya tashi sai ya huce. Ba na jin warin mai, na kuma canza fulogi sau biyu. Me zan saya?"

Ɗan'uwa, naka ya bambanta da na sama, domin yana mutuwa ne yana cikin tafiya. Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi: idan ya mutu, ka buɗe murfin tanki nan take. Idan ka ji iska ta shige kuma ya tashi, 'yar ƙofar numfashin murfin ce ta toshe, mai ya kasa sauka. Idan ba haka ba, ka cire fulogi, ka jingina shi da jikin inji nesa da fetur, ka buga kik ka duba wuta. Tartsatsi mai ƙarfi shuɗi ne. Idan ja ne mai rauni, ko babu shi sam, amma ya dawo bayan babur ya huce, to, zargi ya faɗa kan kwayil ko akwatin wuta, wato kayan da suke aika wa fulogi wuta, domin siririyar wayar da take ciki takan rabu idan ta yi zafi ta sake haɗuwa idan ta huce. Ka ari na abokin aikinka mai irin babur ɗinka ka yi yini guda da shi kafin ka saya. Idan kuma wuta lafiya take amma kik ya yi laushi a ƙafa, a duba saitin bawul, inji yana sanyi, da ma'aunin da aka tanada domin haka, saboda bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa sosai.

Masu karatu da dama sun tambaya ko ya dace a zuba fetur a bakin kafireta idan mota ta ƙi tashi. Ina roƙonku ku bar wannan ɗabi'a. Inji yakan yi tari ya watso wuta ta bakin kafireta, ga mutum tsaye a kai da galan a hannu, kuma idan yawan mai ne matsalar, ƙara ta kawai ake yi. Idan ana zargin tururi ne ya tare hanya, a buɗe murfin mota ta sha iska, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai da tiyonsa na 'yan mintuna, sannan a sake gwadawa.