Iƙamarka ta kusa ƙarewa, amma kada ka bar wurin aikinka a ɓoye

Wasiƙar da zan amsa yau ta fito ne daga wani matashi ɗan Sakkwato wanda ya cika shekara guda a Jidda yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani ƙaramin kamfani. Rabin wasiƙar godiya ce ga Allah. Ya ce a cikin wannan shekara ya yi umara, ya hau jirgin ƙasan Haramaini zuwa Madina, ya sha ruwa a Masallacin Annabi da azumi, bakinsa ya buɗe da Larabci, kuma ya yi abokai daga ƙasashen da a da sunansu kawai yake ji. Ɗaya rabin kuwa tashin hankali ne. Wata uku ke nan ba a biya shi albashi ba, saura 'yan makonni iƙamarsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ta ƙare kuma kafili, mai kamfanin da yake ƙarƙashinsa, bai ce komai ba game da sabuntawa, fasfo ɗinsa ma yana hannun kafilin. Wani abokinsa ɗan gida ya kai shi wurin wani dillali da ya ce a ba shi Riyal 7,000, yaron ya sulale daga masaukin kamfani, shi kuma zai mayar da shi ƙarƙashin wani kafili. A gida kuma baffansa, wanda ya jinginar da gonar fadama aka biya masa kuɗin tafiya, kullum sai ya kira yana cewa ko ta halin ƙaƙa a turo kuɗi, kuma kada a kuskura a dawo hannu biyu.

Ƙanena, na fara da yi maka barka da wannan shekara, domin ba ƙaramin abu ka samu ba, kuma ba na son baƙin cikin wata uku ya sa ka manta da alherin wata tara. Akwai dattawa a unguwarku da suka tsufa suna burin ganin Ka'aba har Allah ya karɓi ransu ba su gani ba. Sannan ka tafi da sana'a rabi da rabi, yanzu ga ta ta zauna a hannunka, a garin da zafi ba ya barin mai gyaran na'urar sanyi ya rasa aiki. Wannan sana'a da tsabtar sunanka a kwamfutar hukuma su ne jarinka, kuma shawarar dillalin nan za ta ɓata na biyun ne, ta hana ka cin moriyar na farkon.

Abin da bai gaya maka ba shi ne cewa matsalolin nan biyu da suke hana ka barci, wato rashin albashi da ƙarewar iƙama, su ne ainihin hujjar da doka ta ba ka ta sauya wurin aiki ba tare da izinin kafili ba. Tun ranar 14 ga Maris 2021 Ma'aikatar Ƙwadago ta Saudiyya ta fara aiki da wani gyara wanda ya bai wa ma'aikacin kamfani damar komawa wani kamfani idan ya cika shekara guda da shigowarsa ƙasar, bisa sharaɗin ba da sanarwa. Bayan haka an ware wasu halaye da ma'aikaci zai iya sauyawa ba tare da wannan jira ba, daga ciki akwai rashin biyan albashi wata uku a jere, da ƙarewar iƙama ko izinin aiki ba a sabunta ba, da rashin rajistar yarjejeniyar aiki cikin wata uku da shigowa. Ana yin wannan duka ta manhajar Qiwa: sabon kamfani ya tura maka tayin aiki, kai kuma ka karanta ka amince daga wayarka. Na lura ka ce a kamfani kake, shi ya sa nake magana haka. Da direban gida ne kai ko mai aikin gida, da hanyarka ta manhajar Musaned ce, kuma ƙa'idojinta daban ne.

Batun kuɗi kuma, sashe na 40 na dokar ƙwadagon ƙasar ya ɗora wa mai ba da aiki kuɗin iƙama da na izinin aiki da sabunta su, har da tarar da jinkirinsa ya jawo. Kuɗin sauya kafili, wanda Riyal 2,000 ne a karon farko, sabon kamfanin da ya ɗauke ka ne yake biya. To ka tambayi kanka, Riyal 7,000 ɗin nan na mene ne? Mutumin yana so ya sayar maka da ruwa ne a bakin rijiyar gidanku.

Da a ce asarar kuɗin ce kaɗai, da da sauƙi. Ranar da ka ɗauki jakarka ka fice ba tare da wani ƙorafi a rubuce ba, ka miƙa wa kafili makamin da bai da shi a yau. A yau shi ne mai laifi, kai ne mai bin bashi. Gobe zai shiga kwamfuta ya rubuta cewa ka daina zuwa aiki, abin da 'yan'uwanmu na can suke kira hurub. A tsarin da aka kawo a Oktoban 2022, wanda aka yi wa haka yana da kwana 60 ya samu sabon kamfani ko ya nemi fita ta ƙarshe, in kuwa wa'adin ya wuce sai sunansa ya koma cikin waɗanda suka gudu daga aiki. Daga nan duk shingen 'yan sanda abin tsoro ne, kuma ƙarshen mafi yawan masu wannan hali shi ne gidan tarhil na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, inda ake tsare waɗanda za a kora, a ɗauki hoton yatsu, a sako mutum a jirgi da kayan jikinsa, a kuma hana shi sake shiga ƙasar.

Na zauna da samari a nan Sakkwato da suka dawo ta wannan hanya, kuma labarinsu kusan iri ɗaya ne. Dillali yakan karɓi rabin kuɗi, ya ce a ba shi mako biyu. Mako biyu ya zama wata biyu, wa'adin kwana 60 ya cika yana cewa saura ƙiris. Wani an mayar da shi ƙarƙashin kafilin takarda, mutumin da bai taɓa gani ba kuma ba shi da aikin da zai ba shi, sai dai ya riƙa karɓar kuɗi a hannunsa duk wata. Shi kuma yaron yana yi wa wasu aiki a waje, abin da sashe na 39 na dokar ya haramta, har ranar da aka kama shi a kan tsani da sukudireba a hannu. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda dillali ya ce ya miƙo wayarsa a duba masa matsayinsa. Ya ba shi lambar sirrin Absher, manhajar hukuma da ke ɗauke da bayanansa, saƙon Nafath, wadda ake tabbatar da mutum da ita, ya shigo, aka ce masa ya danna lambar nan mai alƙaluma biyu, ya danna. Bayan watanni ya tarar an buɗe layukan waya da sunansa an kuma ci bashi, ga shi bai san fuskar waɗanda suka ci ba. Kada ka bai wa kowa lambar Absher ko ta Nafath, ko da abokin da kuke cin abinci a kwano ɗaya ne.

Game da abokin nan naka, ba na zargin zuciyarsa. Ka ce shi ya tarbe ka da fura da tuwo lokacin da kewar gida ta dame ka, shi ya nuna maka inda Hausawa suke taruwa, kuma wannan alheri ne da ba a mantawa. Amma ka faɗa da bakinka cewa shi kansa shekarunsa da yawa ba shi da takarda. Mutumin da ya daɗe a wannan hali yana ganin kowa ma zai iya rayuwa haka, kuma hanyar da ya sani ita ce ta dillalai, domin ƙofar ofis a rufe take gare shi. Ka ci gaba da zumunci da shi, amma shawarar takarda ka nema wurin wanda takardarsa take da rai. A wasiƙarka ka ambaci dattijon nan Basudane da ya koya maka cika iskar gas da gano inda take yoyo, wanda ka yi mamakin jin Hausa a bakinsa har ya gaya maka cewa shi mutumin Mai Wurno ne. Wannan gari na bakin kogin Nilu zuriyar mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno. Ɗan'uwanka ne na nesa, ya daɗe a sana'ar, ya san kamfanonin da suke biyan albashi a kan kari. Kalma ɗaya daga bakinsa zuwa ga wani mai kamfani ta fi duk abin da dillali zai yi maka.

Saboda haka ka ci gaba da zuwa aiki kullum, ka kuma ajiye shaidar zuwanka. Ka shiga Qiwa yau ka tabbatar yarjejeniyarka tana ciki, ka ga albashin da aka rubuta. Ka ciro bayanin asusunka na banki wanda zai nuna watannin da ba a saka komai ba, ka yi hakan tun iƙama ba ta ƙare ba, domin in ta ƙare banki na iya dakatar da asusun. Sannan ka shigar da ƙorafi a sashen sulhu na Ma'aikatar Ƙwadago ta shafinsu na intanet, ba a karɓar ko kwabo a kan haka, kuma lambar wayar ma'aikatar ita ce 19911. Ana ba da kwanakin aiki 21 don sasantawa, in ba a daidaita ba sai a tura maganar kotun ƙwadago. Ka saka batun fasfo a cikin ƙorafin, domin dokar ƙasar ta hana mai ba da aiki riƙe fasfon ma'aikaci, ka kuma sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda a rubuce.

Yanzu sai maganar baffa, kuma a nan ina bayanka. Bashin gona bashi ne, babu mai cewa ka ci shi, kuma mutumin da ya jinginar da fadamar da yake noman albasa dominka ya cancanci girmamawa har ƙarshen rayuwarka. Amma ka ce a wata takwas na farko ka tura abin da ya kai kashi biyu cikin uku na kuɗin jinginar, sai dai ba a kai wa mai riƙe da gonar ko sisi ba: an yi hidimar biki, an sayi babur, an yi ɗinkin Sallah, yau kuma ana ce maka bashi yana nan yadda yake. Wannan ba daidai ba ne, ko daga bakin wa ya fito. Allah da ya umarce mu da sada zumunci shi ne ya saukar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma kafin ta, a aya ta 280, ya ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Yaron da ya yi wata uku ba albashi a ƙasar mutane yana cikin ƙunci. Kalmar nan ta ko ta halin ƙaƙa ita ce take tura 'ya'yan mutane hannun dillalai, kuma idan aka kama ka, ba baffa ne zai kwana a Shumaisi ba.

Ina ganin kai ma ka taimaka wajen ɗaure kanka, ba da gangan ba. Duk shekarar nan hotunan da kake turawa gida na harami ne da na bakin teku, babu wanda ya ga ɗakin da kuke kwana ku shida, babu wanda ya san kana hawa rufin bene da tsakar rana. Wanda ya ga hotunan nan zai ɗauka kuɗi kake ɓoyewa. Ka ce kana jin nauyin gaya wa Inna gaskiya don kada hankalinta ya tashi. Ka gaya mata. Uwa ta fi son jin cewa ɗanta yana cikin matsi amma yana bin hanyar doka, da a wayi gari a ce mata an daina samunsa a waya.

Sannan ka nemi wani babba da baffa yake jin kunyarsa, kawunka ko limamin unguwarku, a zauna a zaure a lissafa abin da aka karɓa a kan gonar da abin da ka riga ka turo, a rubuta, shaidu su sa hannu. Daga ranar da albashi ya dawo, kason bashi ya riƙa tafiya kai tsaye zuwa ga mai riƙe da gonar ta banki, da rasit, na cefanen Inna kuma ya tafi daban a hannunta. Idan za ka yi magana da baffa, ka yi ta da ladabi: ka ce masa, Baffa, ban manta da abin da ka yi mini ba, gona kuma za ta dawo in Allah ya yarda, amma a yanzu ba ni da abin da zan turo sai shari'ar albashina ta ƙare. Kada ka yi masa alkawarin wata rana da ba ka da iko a kanta, kada kuma ka ci bashin abokan aikinka don ka rufe bakinsa.

Idan kuma aka yi duk wannan ba a samu sabon kamfani ba, ka nemi fita ta ƙarshe da sunanka a tsabtace, bayan ka karɓi haƙƙinka ko ka tabbatar ƙararka tana gaban hukuma, domin dokar ta ba da wata 12 ne kawai bayan rabuwa da aiki a shigar da irin wannan ƙara. Wanda ya fita haka yana iya dawowa da sabuwar biza, kuma ko a Sakkwato ka tsaya, daga Maris zuwa Mayu mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ba ya zaman banza. Ka sake rubuto mini da zarar an ba ka ranar zaman sulhu, tare da abin da ka gani a rubuce a yarjejeniyarka ta Qiwa, don mu duba abin da za ka nema a gabansu.